Waya a Cikin Bango: Amanar Aikin da Ido Ba Ya Gani

Wayarin gida iri biyu ne a wajen masu aikin wuta. Akwai na sarari, wanda ake bin bango da waya ana kafe ta da ƙananan ƙusoshi, duk wanda ya shigo ɗaki ya gan ta. Akwai kuma na cikin bango, inda ake sassaƙe bulo da kurfi da guduma ko da injin yanka, a kwantar da bututun roba, a dasa akwatunan ƙarfe a wuraren da soket da makunni za su zauna, sannan magini ya zo ya shafe komai da filasta. A gidan bene tun kafin a zuba kankaren dakin ake shimfiɗa bututun a tsakanin rodi. Ita wayar ba ta shiga sai daga baya, wani lokaci bayan watanni, idan an sa ƙofofi da tagogi an huta da fargabar ɓarayi. A nan ne ake buƙatar kayan jan waya, domin hannu ba ya shiga bututun da faɗinsa milimita 20 ko 25 ne, ido kuma ba ya bin sa.

Babba a cikin kayan nan shi ne wanda ma'aikata ke kira fishin tef. Dogon abu ne siriri mai tsauri, ana naɗe shi a cikin kewayayyen gida na roba, tsawonsa yakan kama daga mita 10 zuwa 30, akwai kuma waɗanda suka fi haka nesa ba kusa ba. A bakinsa akwai ƙugiya ko ido inda ake ɗaura waya. Na ƙarfe ya fi tafiya da nisa idan ana tura shi, amma yana tsatsa, kuma yana ɗaukar wuta: idan bakinsa ya faɗa akwatin da ke da wuta, mai riƙe da shi ne zai fara sani. Wannan haɗari ya ƙaru a gidajen da ke da janareta ko sola, domin ɗauke wutar layi ba ya nufin babu wuta a gidan. Na nailan ya fi santsi a kwana, sai dai yana laushi idan tafiya ta yi tsawo. Na zaren gilashi ba ya ɗaukar wuta, amma idan aka lanƙwasa shi da ƙarfi yana karyewa, sartsensa kuma ya shige hannu. Mai ƙaramin ƙarfi yakan yi maneji da wayar ɗaure rodi, ya lanƙwashe bakinta da filaya.

Sauran kayan kowanne da inda ya fi amfani. A Amurka da Ingila, inda bangon gidaje da yawa katako ne da allo mai rami a tsakiya, ana amfani da sanduna sirara da ake murɗa ɗaya a bakin ɗaya, wasu har suna haske a duhu, da maganaɗisun da ake ja ta wajen bango yana janyo zare ta ciki. Idan bututu ya yi tsawon da tef ba zai kai ba, sai a ɗaura guntuwar leda a bakin zare, a sa injin zuƙar iska a ɗaya bakin ya zuƙo ta, sannan a ja igiya da zaren, a ja waya da igiyar. Manyan kebul na masana'antu ana sa musu saƙaƙƙiyar safa ta ƙarfe, wadda ke ƙara damƙewa gwargwadon yadda ake ja, a haɗa da injin ja da tayoyin da kebul ɗin ke gangara a kai. A Faransa, da ƙasashen da suka gaji tsarinta kamar Nijar, an saba da bututu mai laushi da ake sayarwa a naɗe, wani ma da siririyar wayar ja a cikinsa tun daga kamfani. Akwai kuma man santsi na musamman da ake shafa wa waya. Giris da baƙin mai ba su dace ba, domin suna lalata robar da ke jikinta a hankali.

Aikin na mutum biyu ne. Ana tura tef daga wannan akwati har ya ɓullo a wancan. Sai a feɗe bakin wayoyin, ja da baƙa da koriya, a zura jan ƙarfensu a idon tef ɗin a murɗe, ba duka a wuri ɗaya ba, kowace a ɗan ja ta baya da 'yar'uwarta don kada ƙullin ya yi kauri. A naɗe da baƙin salatif har ya yi tsini. Oga yana can yana ja, yaro yana nan yana turawa, yana warware wayar daga naɗinta, yana miƙar da duk inda ta nemi ƙullewa, yana tare ta da yatsa kada gefen akwatin ƙarfe ya kankare ta. Sau da yawa ba sa ganin juna, sai murya ta ɗakuna: ja, tsaya, saki kaɗan, ja. Gwani yana gane abin da ke cikin bango ta hannunsa. Nauyin da ke ƙaruwa sannu a hankali kwana ce. Tsayawa cak, kamar an riƙe, siminti ne ya shiga, ko bututun ya ɓalle a mahaɗa. Abin da ya kamata a nan shi ne a koma baya, a sake gwadawa, in ta kama a fasa wurin a gyara. Abin da gajiya ke raya wa mutum shi ne ya naɗe tef a hannu, ya dafa ƙafa a bango, ya fizga.

Dokokin sana'ar suna da dalilinsu a lissafi. Kwana ba ƙara nauyin ja take yi kawai ba, ninka shi take yi. A busasshen bututu mara santsi, kwana ɗaya ta digiri 90 tana iya ninka ƙarfin da ake buƙata sau biyu, huɗu a jere kuwa su kai shi ninki goma sha shida. Shi ya sa dokar wayarin Amurka, wadda aka fara fitarwa a 1897, ta hana jimillar kwanoni ta wuce digiri 360 tsakanin akwatin ja da na gaba, ta kuma hana wayoyi uku ko fiye su cika sama da kashi 40 cikin 100 na cikin bututu. Tsarin Ingila, wanda ya faro a 1882 kuma Najeriya ta gina nata a kansa, ya saba da sa akwatin ja bayan kwana biyu. Ya kuma tanadi cewa waya ta tashi daga soket ko makunni a miƙe, tsaye ko kwance, ko ta bi cikin milimita 150 daga saman bango ko kusurwa, domin mai buga ƙusa nan gaba ya san inda zai kauce wa. Sarari a cikin bututu ba don sauƙin ja kaɗai ba ne. Waya tana zafi idan tana aiki, robar da ke jikinta kuma an yi ta ne don ta jure digiri 70. Jadawalin nauyin da kowace waya ke ɗauka an gina shi a kan zafin gari na digiri 30. Idan ya kai 40, kamar yadda Kano da Sakkwato da Damagaram ke gani a watan Afrilu, sai an rage wajen kashi 13 cikin 100.

Ranar jan waya ita ce ranar da asirin mai shimfiɗa bututu ke tonuwa. Idan ya lanƙwasa bututu da wutar takarda maimakon sifirin har ya matse, ko bai toshe bakinsa ba kafin a zuba kankare, ko ya haɗa biyu babu gam, tef zai faɗa. Amma shi mai jan wayar babu wani kayan aiki da ke biyo bayansa a ranar ya tona nasa. Yana iya haɗa guntaye biyu da salatif ya ja mahaɗar ta ɓace a tsakiyar bango, alhali doka ta ce mahaɗa a akwati take zama inda hannu zai kai. Yana iya sa waya mai kaurin 1.5 inda 2.5 ta dace, ko ya bar wayar ƙasa gaba ɗaya, ko ya karɓi kuɗin jan ƙarfe ya sayo alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wanda ba ya ɗaukar nauyin da na gaske ke ɗauka. Yana iya fizgar waya har robarta ta yage. A ranar miƙa aiki za a danna makunni, ƙwai ya kama, fanka ta juya, a aikin kirki da na ha'inci duka. Bambancin yana iya ɗaukar shekaru kafin ya fito, kuma idan ya fito, ƙaurin roba ne da tsakar dare.

Tambayar da wannan ke tayarwa tsohuwa ce: me zai sa mutum ya yi daidai a inda ya tabbata ba za a gan shi ba? Aflaton ya kawo ta a littafinsa na Jamhuriya, ta bakin ɗan'uwansa Gilaukon, da labarin makiyayin da ya tsinci zoben da ke ɓatar da mai sanye da shi. Hujjar Gilaukon ita ce mutane suna adalci ne don tsoron abin da zai biyo baya, kuma idan aka ba mai adalci da azzalumi zoben, hanya ɗaya za su bi. Sarki Hamurabi na Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tunkari matsalar ta fuskar tsoron: a dokokinsa, maginin da gidansa ya rushe ya kashe mai gida shi ma kashe shi ake yi. Tsoro yana aiki, amma yana da iyaka a wannan sana'a. Bangon da ya rushe yana nuna magininsa. Wayar da ta ƙone takan ƙone tare da shaidarta, wanda ya ja ta kuma wataƙila ya bar garin da daɗewa.

Musulunci bai yarda da tushen tambayar ba, wato cewa akwai wurin da ba a ganin mutum. A hadisin Jibrilu, na biyu a Arba'una ta Imam Nawawi da yara ke haddacewa a makarantun Islamiyya, an bayyana ihsani da cewa bawa ya yi aiki da sanin Allah yana ganinsa ko da shi ba ya ganin Sa. Hadisi na 17 a littafin ya faɗaɗa kyautatawar zuwa kowane aiki, har da wasa wuƙa kafin yanka. Mafi kusa da batun bango shi ne abin da Muslim ya ruwaito: Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka ji danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Uzurin na iya zama gaskiya, kuma ba a tuhume shi da jiƙa hatsin ba. Abin da aka kama shi da shi shi ne bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma a kan haka ne Annabi ya barranta daga mai algus. Darasin ga mai aikin wuta a fili yake. Bututu ya toshe, waya ta kasa kaiwa, roba ta ɗan yage, duk wannan yana samun gwanaye. Laifi yana farawa ne daga lokacin da ya yanke shawarar barin filasta ta rufe maganar.

A fikihu, alaƙarsa da mai gida ijara ce, ko ta yini ko ta jinga. Idan kuma an ba shi kuɗi ya je kasuwa ya sayo kaya, ya zama wakili, wakili kuwa amintacce ne da ba ya halatta ya ci riba a ɓoye ta hanyar rasit biyu ko canjin kaya. Asalin hukunci shi ne ɗan ijara ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Malikiyya suka fitar da masu sana'a daga wannan asali. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda har gobe ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta tabbatar da cewa masu sana'a suna lamunce abin da suka keɓanta da shi, da lada suka yi ko ba da lada ba. Shaɗibi ya kawo wannan a matsayin misalin hukuncin da aka gina a kan maslahar jama'a: mutane ba za su iya rabuwa da tela da marini da maƙeri ba, ba kuma za su iya tsare su ba, idan aka gaskata kowane mai sana'a da ya ce kaya sun lalace ba da laifinsa ba, dukiyar mutane za ta salwanta.

Akwai sharaɗi a wannan hukunci da ya shafi mai wayarin kai tsaye. Malamai sun ce lamunin yana kan wanda ya tafi da kayan shagonsa. Wanda ya yi aikin a gidan mai kaya ko a gabansa ba ya biya sai an tabbatar da sakacinsa. A zahiri mai wayarin yana cikin kashi na biyu, tunda a gidan mai gida yake aiki. Amma dalilin da ya sa aka sassauta wa mai aiki a gida shi ne idon mai kaya yana kansa, kuma wannan dalili ya yi rauni a nan. Mai gida yana iya tsayawa a ɗakin tun safe har yamma bai ga abin da ya shiga bututu ba, ko da ya gani ma ba lallai ya bambance 1.5 da 2.5 ba. Yanke hukunci a kan ko za a riskar da shi da na farko aikin malamai da alƙalai ne, amma hikimar hukuncin ta fi karkata ga tsanantawa. Ko ba a kai nan ba, ƙofar sakaci a buɗe take, domin saɓa wa abin da ma'abota sana'a suka sani a matsayin ƙa'ida shi ne sakaci. Rashin sani ma ba ya kuɓutarwa. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin likita ba a san shi da iliminsa ba, kuma ƙiyasin bai yi nisa ba ga yaron da ya yi wata uku yana riƙe wa oga tsani sannan ya sayi tef da filaya ya fara karɓar jinga.

Wuri mafi wuya shi ne inda babu ɓoyewa sam. Mai gida ya ji bayani, ya ce kuɗi sun ƙare, a sa ƙaramar wayar, ya ji ya gani. Ma'aikata da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin wanke hannu. Yardar mai gida tana kawar da algus, domin ba a yaudare shi ba, amma ba ta kawar da cutarwa, domin ba shi kaɗai zai kwana a gidan ba. Matarsa da 'ya'yansa ba a tambaye su ba, ɗan hayan da zai shigo bayan shekara biyar da hitar ruwa da na'urar sanyaya ɗaki ba a tambaye shi ba, maƙwabcin da katangarsa ke manne da ta gidan ba a tambaye shi ba. A kasuwa kuwa, inda shago ke jingine da shago, wayar mutum ɗaya lamari ne na layi guda. Mutum yana iya yafe haƙƙinsa, ba ya yafe na wani. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa, a kanta Ibn Arrami, maginin Tunis na ƙarni na 14 da alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya gina littafinsa, inda ake hana mutum yin abu a cikin mallakarsa idan hayaƙinsa ko zafinsa ko girgizarsa za su cuci na kusa. Game da wuta musamman, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Annabi ya kira wuta abokiyar gaba, ya yi umarni a kashe ta kafin a kwanta. Fitilar wancan zamani ana iya hure ta. Wayar cikin bango tana kwana da wuta. Abin da ya rage wa mai aiki a irin wannan hali shi ne ya ba da shawarar rage yawan soket, ko a yi rabin gidan da kaya masu kyau a bar sauran bututun da zare a ciki sai hali ya samu, ko ya haƙura da aikin.

Mai gida ma yana da nasa kason. Wanda ya matse kuɗin aiki har ya kai inda kowa ya san ba zai isa ba, ya taya wajen shirya ha'incin da zai yi kuka da shi, araha kuwa ba ta ado. Wanda aka gama masa aiki ya riƙe lada yana cikin mutum uku da hadisi ƙudusi a Buhari ya ce Allah da kansa ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama.

Idan gobara ta auku, kalmar da aka fi ji ita ce ƙaddara, kuma gaskiya ce. Amma imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda abin ya samu, ba ya zama hujja ga wanda ya jawo. Shari'ar da ta wajabta imani da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure a Suratun Nisa'i, ita ce kuma ta ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a wani ya faɗa, ko da yana barci a gidansa lokacin da abin ya faru. Malaman fikihu sun bambance mai aikata ɓarna da hannunsa da mai zama sababinta, suka ce na biyu yana biya idan ya ƙetare iyaka. Mahaɗar salatif a tsakiyar bango tana cikin wannan babi, kuma nisan shekaru tsakaninta da gobarar ba ya yanke sababin.

Addini bai bar lamarin ga tsoron Allah kaɗai ba. Annabi da kansa ya cusa hannu a hatsi, kuma daga nan aikin hisba a kasuwanni ya samo asali, har littattafan hisba na Masar da Andalus suka riƙa tsara yadda muhtasibi zai sa ido a kan magina da masu bulo. A Najeriya ta yau wannan nauyi yana kan hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa don duba wayarin da ba ma'aikata shaidar ƙwarewa, da hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Dubawa lokaci biyu gare ta: kafin filasta, a ga hanyar bututu da kwanoninsa, da bayan jan waya, a gwada da na'urar da ke tura bolt 500 ta auna ƙarfin robar. Mafi ƙarancin abin karɓa megaom 1 ne, sabon aiki mai lafiya kuwa yana ba da ninkin haka sau da yawa. Mai gida yana da haƙƙin neman a yi wannan gwaji a gabansa kafin ya biya ragowar kuɗi.

Duk da haka na'ura ba ta kama komai. Mahaɗar da aka naɗe da kyau, bango kuma a bushe, tana iya wuce gwaji, sai damina ta biyu ko ta uku ta fara tsatsa tana zafi. Mutum ɗaya ne ya san tana nan, ya kuma san a wane bango take. Sharuɗɗan tuba a wajen malamai uku ne idan laifin tsakanin bawa da Ubangijinsa ne: dainawa, da nadama, da ƙudurin rashin komawa. Idan haƙƙin mutane ya shiga, sai na huɗu ya ƙaru, wato mayar da haƙƙin ko neman yafewar masu shi. Ga mai aikin wutar da ya san ya bar irin wannan a gidan wani, istigfari bai wadatar ba muddin mutane suna kwana a ƙarƙashinta. Wajibinsa ya koma ya faɗa wa mai gidan, ya zare wayar. Idan bututun lafiyayye ne ba sai an fasa bango ba: ana ɗaura sabuwar waya a bakin tsohuwar, a ja tsohuwar ta fito, sabuwar ta maye gurbinta.